Kowace Sa'a da Kiɗanta: Nazari a kan Zaɓen Kiɗa da Waƙa a Bukukuwan Ƙasar Kanan Bakashe

Daga cikin ilmomin da ba a rubuta su cikin littafi ba, ba a kuwa ɗaukarsu a zaure gaban malami, amma duk da haka suna da ƙa'idodi da sharuɗɗa da ma'abota waɗanda suka gaje su kaka da kakanni, akwai ilmin sanin abin da ya kamata a kaɗa, da abin da ya kamata a rera, da sa'ar da ta dace da kowannensu, a ranakun idi da sauran bukukuwan shekara. Galibin jama'a, idan suka ga makaɗa sun yi sahu a ƙofar sarki ranar Salla, ko suka ji 'yan makaranta sun haɗa murya a daren Mauludi, sukan zaci duk abin da ya faɗo a bakin jagora shi yake fitarwa. Alhali kuwa tun kwanaki kafin ranar an zauna an auna, an ɗauki wannan an ajiye waccan, an yi gardama a kan wadda za ta buɗe da wadda za ta rufe. Wannan zaɓe shi nake nufin in yi nazari a kansa, domin a ganina shi ne ruhin buki, shi ne kuma abin da ya fi kusa da salwanta a zamaninmu, tun kafin gangunan kansu su salwanta.

Na ɗauki ƙasar Kanan Bakashe ne misali, wadda ke tsakanin Mayahi da Tasawa cikin jihar Maradi, a yankin Gulbin Kaba mai yawan goriba, ƙasar manoman hatsi da wake da riɗi, inda Hausawa ke zaune tare da Fulani da Buzaye, inda kuma samari kan watse bida da rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya, sa'an nan da yawansu su yi ɗokin komowa gida saboda Salla. Abin da ya sa wannan yanki ya cancanci nazari shi ne tarihinsa. Sa'ad da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, gidan sarautarsa na dā ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maradi wajen 1819, Gobirawa kuma daga baya suka kafa Tsibiri. Saboda haka ƙasashen nan, har da Tasawa, suka wanzu ba a ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, suka riƙe tsarin fada na dā tare da makaɗansa da maroƙansa, alhali kuwa karatu da addini suna ta ƙara kafuwa a cikinsu. Shi ya sa a gari guda za ka tarar da mai gadon ganga da mai gadon Ishiriniya, wani lokaci ma katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma wajibi ne ga mai shirya buki ya ba kowannensu hakkinsa ba tare da ya tauye ɗaya ba.

Turawa suna da taron makaɗa mai mutum tamanin ko ɗari, kowa da takardarsa a gabansa, da shugaba mai riƙe da ɗan sanda yana nuna musu inda za su tashi da inda za su sauka. Namu taron ba shi da takarda, amma rabon aiki a cikinsa bai gaza nasu tsanani ba, bal ma ya fi, domin a wurinmu kowane abin kiɗa yana da ubangida. Tambari na sarauta ne, ba a taɓa shi sai da dalili, kamar naɗi ko jajibirin idi. Kakaki da algaita su ma na ƙofar masu mulki ne. Kotso da taushi na mawaƙan fada. Kalangu na mahauta ne da dandalin 'yan mata. Gangar noma ta manoma. Garaya ta maharba. Ƙwarya da shantu kuwa na mata ne a cikin gida. Ke nan tun daga ɗaukar abin kiɗa an riga an yanke hukunci a kan wanda ake nufin girmamawa. Haka kuma masu murya: akwai jagora, akwai 'yan amshi, waɗanda mutanen Gobir ke kira 'yan karɓi, akwai maroƙi mai fassara zancen ganga ga wanda bai ji ba, akwai zabaya, akwai mai guɗa wadda ta san daidai gaɓar da za ta tsinka muryarta a kai. Idan ɗaya daga cikinsu ya shigo ba a muhallinsa ba, ko yaro ƙarami ya san an yi kure.

Ba zai yiwu a yi maganar kiɗan idi a ƙasar Musulmi ba sai an waiwayi abin da malamai suka ce, domin mai zaɓe yana aiki ne a cikin iyakar da suka shata. Ya tabbata cikin ingantattun hadisai cewa a wata ranar idi wasu 'yan mata biyu sun yi waƙa a ɗakin Nana A'isha, Sayyadina Abubakar ya tsawata musu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurta a ƙyale su saboda ranar ta idi ce; ya kuma tabbata cewa Habashawa sun yi wasan māsu a masallaci a irin wannan rana. Imamu Gazali, cikin babin da ya keɓe wa ladubban sauraro a Ihya'u, ya kawo sharaɗin magabatan sufaye cewa sauraro yana bukatar a lura da lokaci, da wuri, da abokan zama. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Hausa cikin Kitabul Farƙi a kan shagala da kaɗe-kaɗe, amma a rubuce-rubucensa na baya, irin su Najmul Ikhwan, ya nuna cewa mas'ala ce mai saɓani tsakanin malamai, wadda bai kamata a tsananta inkari a kanta ba. Har yau saɓanin yana nan, musamman tun bayan da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a jihar Maradi, kuma ba aikina ba ne in raba gardamar da ta gagari fuƙaha'u. Abin da nake jawo hankali gare shi kawai shi ne, sharuɗɗan nan uku da Gazali ya ambata su ne ainihin abin da tsofaffin makaɗanmu ke aiki da shi, ko da ba su taɓa buɗe Ihya'u ba.

A dubi tartibin ranar Salla yadda masana abin suka gada. Daren jajibiri na bushara ne: abin da ake bukata a cikinsa shi ne sauti mai nisan zango wanda zai gaya wa na ƙauye da na ruga cewa an ga wata, saboda haka daren na manyan ganguna ne da busa, ba a cika tsawaita waƙa mai baituka a cikinsa ba. Safiya kuwa ta kabbara ce, kuma da an isa filin idi sai makaɗi mai ladabi ya rataye gangarsa ya shiga sahu, ba a ƙara jin gularsa har liman ya sauko daga huɗuba. Wannan shirun yana cikin zaɓe, kuma ni a wurina shi ne mafi girman shaidar cewa makaɗi ya san aikinsa. Komowa daga idi ita ce sa'ar take, inda ake kaɗa wa sarki nasa da na kakanninsa, dawaki suna rausaya, sa'an nan in an sauka a ƙofar fada a bi masu sarauta da masu gari ɗaya bayan ɗaya bisa ga darajarsu. A nan ne ake gane gwani, domin wanda ya gabatar da taken ƙarami a kan na babba, ko ya tsallake gidan da ya kamata a ambata, ya ɗauko rigimar da za ta iya kai wata Sallar ba ta mutu ba. Da la'asar sai kiɗa ya bar fada ya bi sana'o'i, mahauta da kalangunsu, musamman a Sallar layya da aikinsu ke kan gaba, maƙera da nasu, 'yan kokowa da nasu. Da dare kuma dandali ya zama na samari da 'yan mata. Kowane rukuni na gari yana da sa'ar da za a kira sunansa a bainar jama'a, kuma wanda duk aka manta da shi zai kwana yana jin Sallar ba tasa ba ce.

Akwai wani hukunci mai laushi da ya shafi zambo da habaici. Waƙar fada ba ta cika sai da su, domin yabon sarki yana tafe da muzanta abokin hamayyarsa. Amma ranar idi rana ce da ake bin gida gida ana neman gafara, 'yan'uwan da suka yi shekara ba sa ga maciji suna haɗuwa a zaure guda. Mawaƙi mai hankali yakan rage kaifin harshensa a wannan rana, ya rinjayar da ambaton asali da kyauta da haƙuri, ya ajiye zambo sai wani zama. Wanda ya kasa yin haka, ko da an yi masa kāri an yi dariya, ya ɓata abin da liman ya gyara da safe.

Sai kuma wani al'amari da ya bambanta mu da Turawa, wanda ban ga an ba shi kulawar da ta kamace shi ba. Kirsimeti a ƙasashensu kullum cikin hunturu take zuwa, saboda haka waƙoƙinta sun ginu a kan yanayi guda, ana iya ɗauko na bara a maimaita bana ba tare da wani ya ji bambanci ba. Idinmu kuwa yana bin watan sama, yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, har ya kewaye damina da kaka da ɗari da bazara cikin shekara talatin da uku ko kusa da haka. Sallar da ta zo da kaka, rumbuna cike, 'yan bida ba su tafi ba, aljihu da nauyi, tana ɗaukar dogon wasa da waƙoƙin da ke kiran mutum da sunansa don ya yi kyauta. Sallar da ta faɗo a bakin damina kuwa, kamar layyar 2024 da ta 2025 da suka zo cikin watan Yuni, lokacin da manomin Gulbin Kaba ke duban gabas yana jiran ruwan shuka, hatsin bara kuma ya kusa ƙarewa, wata aba ce dabam. A irin wannan shekara, makaɗin da ya tsaya a kan magidanci yana zuga shi a gaban jama'a, alhali ya san abin da ke cikin rumbunsa, ya zalunce shi, domin ya sa shi zaɓi tsakanin kunya da bashi. Abin da ya dace da ita shi ne taken noma, da kirarin jarumtakar masu hauya, da roƙon Allah damina mai albarka, da taƙaita dare domin gobe akwai gona. Ashe mai zaɓen kiɗa a ƙasarmu sai ya zama ya san farashin tiya a kasuwa kamar yadda ya san taken sarki.

Babbar mas'alar da ke gaban kowane mai shirya kiɗan buki, a kowace ƙasa yake, ita ce ta tsoho da sabo. Jama'a suna zuwa ne domin su ji abin da suka saba ji tun suna goye, in ba su ji shi ba sai su ce ba a yi Salla ba. Amma in shi kaɗai aka ba su shekara da shekaru, sai kunne ya gundura, yara su gudu. Nasara sun sha fama da wannan. Makaɗinsu Bach ya tsara kiɗansa na Kirsimeti a birnin Laifzig na Jamus a 1734 kashi shida, kowane kashi da ranarsa a cikin kwanakin bukin, wanda ya yi kama da tartibin da muka ambata. Waƙar wani makaɗinsu, Handel, mai suna Almasihu an fara yin ta ne a Dablin cikin watan Afrilu na 1742, a lokacin Ista, amma al'adar jama'a ta janye ta zuwa Kirsimeti, har ta zama ba a raba su. A wata majami'a ta jami'ar Kambirij a Ingila, inda ake taron waƙoƙin jajibirin Kirsimeti tun 1918, sun ɗauki ƙa'ida tun 1983 cewa kowace shekara sai an sa wani mawaƙi ya tsara sabuwa guda, a saka ta a tsakiyar tsofaffi. Mawaƙan fadarmu sun riga sun warware wannan ta hanyar da na fi ganin hikimarta, watau rabuwar waƙa zuwa gindi da ɗiya. Gindin waƙa yana nan yadda aka san shi, 'yan amshi suna riƙe da shi, jama'a suna karɓa. Ɗiyan kuwa jagora yana da ikon ya ƙaro sababbi, ya sa wanda aka naɗa bana, da wanda ya sauke farali, da rijiyar da aka gina, da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Haka Ibrahim Narambaɗa na Isa da Musa Ɗanƙwairo na Maradun suka yi aiki da kotsonsu, haka Ma'azu Ɗan Alalo ya yi a Damagaram, kuma al'ada ce sananniya mawaƙin fada ya tanadi sabuwar waƙa domin Salla. Da wannan dabara waƙa guda takan zama tarihin gari na shekara, tsoho ya sami abin da ya sani, yaro ya sami labarin da ya shafe shi.

A fagen bege kuwa zaɓen ya fi ƙunci, domin matanin a rubuce yake, ba a ƙara masa ba a rage. Ishiriniyar Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, da Burda da Hamziyya na Busiri, su ne ginshiƙan Mauludi a ƙasar Hausa, kuma a wurare da yawa akan rarraba haruffan Ishiriniya a kan dararen farkon Rabi'ul Awwal har a sauke a daren sha biyu. Abin da ya rage ga shugaban masu karatu shi ne zaɓen karin murya: wanda zai ɗauka a farkon dare mutane suna da ƙarfi, da wanda zai sauya zuwa gare shi in dare ya raba barci ya fara rinjaya, da inda zai tsaya a yi fassara da Hausa domin mata da yara su san abin da ake faɗa. Ga kuma 'yan makarantun Islamiyya, galibinsu 'yan mata, waɗanda a yau su ne mafi yawan masu waƙar taro a garuruwanmu. Ina roƙon malamansu su lura da abu biyu da nake yawan ganin ana sakaci da su: kada a ɗora wa yara muryar da ta fi ƙarfin maƙogwaronsu don kawai an ji wani babban sha'iri ya yi ta a kaset, kuma kada a cika su da Larabcin da ba a fassara musu ba, alhali ga waƙoƙin Nana Asma'u da na Aliyu Namangi da harshensu. Amshi gajere wanda uwa za ta iya karɓa daga bayan zana ya fi baiti goma da ba mai iya bi.

Bukukuwan hukuma su ma sun kawo nasu salon. A zamanin Seyni Kunce, wanda ya hau mulki a 1974, an farfaɗo da samariya, aka kafa gasar matasa ta ƙasa, inda ƙungiyoyi ke karawa a waƙar taro da rawa da wasan kwaikwayo tun daga ƙauye har zuwa babban mataki. Waƙoƙin sun kasance a kan haɗin kai da dashen itace da yaƙi da jahilci, kuma ko da yake hukuma ce ke ba da jigo, kari da amshi daga dandali aka ɗauko su, shi ya sa waɗanda suka yi ƙuruciya a lokacin har yau suna iya rera su. Bukin 18 ga Disamba, ranar da aka kafa jamhuriya a 1958, wanda aka riƙa kewayawa da shi jiha jiha har ya sauka Maradi a 2015, ya gaji wani abu na wannan. Darasin da ke ciki shi ne jigo yana iya zuwa daga sama, amma kari sai daga ƙasa.

To, me ya sauya? Ba na cikin masu cewa waƙoƙin zamani haramun ne ga dandali. Samarin da suka komo daga bida suna da hakkin su ji abin da suke so, kuma cikin mawaƙan yau akwai masu fasaha ta gaske. Abin da ke damuna, na farko, shi ne lasifika da katin waƙoƙi sun karɓe aikin zaɓe daga hannun wanda ya san gari, sun miƙa shi ga na'urar da ba ta san sa'a ba. Ana kunna ta tun hantsi, waƙar soyayya ta bi ta bege, ta bege ta bi ta siyasa, da ƙara guda, ba ta sassautawa don an yi rasuwa a maƙwabta, ba ta san taken kowa ba, ba ta kuma barin gurbin da jama'a za su karɓa. Na biyu, tun da aka shiga zamanin jam'iyyu bayan babban taron ƙasa na 1991, mai kuɗi ya sami hanyar sayen sa'ar da ba tasa ba, har a ga an tsayar da taken gidan da ya kafa gari domin a yabi wanda ya fi yin liƙi. Ba na ɗora laifin duka a kan makaɗa, domin sarautar da ke ba su doki da riga da damman hatsi ba ta da wannan ƙarfi yanzu, 'ya'yansu da yawa kuma sun bar gado sun kama wata sana'a. Amma hukuncina a nan ba shi da kwana: ranar idi ita ke da kiɗanta, mai biya yana da godiya da addu'a, ba shi da ikon sauya tartibi.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba, ba ya kuma bukatar kuɗin wata ƙungiya daga waje. Ina kira ga sarakunan Kanan Bakashe da Mayahi da Tasawa, da limamai, da hukumomin gari, cewa idan Salla ta rage mako guda a kira shugaban makaɗa da shugaban masu bege da sarkin samari da wakiliyar mata da masu lasifika, a zauna a zaure guda a raba sa'o'in ranar, a duba yanayin shekara, a yanke lokacin da na'ura za ta yi shiru. A ware wa makaɗan gado wani abu sananne daga abin da ake tarawa, domin kada yunwa ta tilasta musu sayar da tartibi. Gidajen rediyon karkara su aika a ɗauki taken kowane gida da na kowace sana'a daga bakin tsofaffin da suka rage, tare da bayanin wanda ke gaba da wanda ke biye, a ajiye kofi a fada da makaranta. Malaman lakwal da na Islamiyya kuma su nemi waɗannan tsofaffi su zo su koya wa yara amshi, a kuma ba kowace ƙungiya damar kawo sabuwar waƙa guda a shekara. A fara da Sallar da ke tafe.